Hali ne ko tsarin aiki ke sauya ɗan sanda idan ya sa kaki?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, kuma ina so in ji ra'ayin waɗanda suka fi ni sanin aikin. Ina da maƙwabci ɗan sanda mai muƙamin kofur, wanda muka shafe shekaru muna sallah a sahu ɗaya. Lokacin da yake aiki a sashen da ke sauraron ƙorafin mata da ƙananan yara, har gida mutanen unguwa suke bin sa da matsalolinsu, domin yana da haƙurin sauraro kuma ba ya sakin magana sai ya ga ƙarshenta. Bayan an mayar da shi shingen bincike a kan babbar hanya, na taɓa wucewa ta wurin a cikin motar haya ba tare da ya gan ni ba, kuma irin tsawar da na ji yana daka wa direbanmu a kan abin da bai taka kara ya karya ba ta sa na sunkuyar da kai don kunya. Albashinsa bai canza ba, iyayen da suka yi masa tarbiyya su ne dai, masallacinmu ma bai daina zuwa ba. Me ya sauya shi?

Alhaji Ɗanladi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni direban babbar mota ne, kuma na fi shekaru ashirin ina bin hanyar Kano zuwa Legas, saboda haka shingen da ban tsaya a kansa ba kaɗan ne. A ganina babu abin da ya sauya a wurin maƙwabcinka, sai dai a da bai samu dama ba, yanzu kuma ya samu. Hali zanen dutse ne. A shinge ɗaya, ƙarƙashin rana ɗaya, za ka tarar da wanda zai duba takardunka ya yi maka fatan sauka lafiya, ka kuma tarar da wanda zai riƙe lasisinka har sai ka ba da na goro. Da aikin ne ke lalata su, da dukansu sun lalace tare.

Dakta Aminu:
Alhaji, maganarka tana da ƙarfi, amma ina roƙon ka duba tambayar Malam Nasiru da kyau, domin shi ba mutum biyu ya kwatanta ba, mutum ɗaya ne a wurin aiki biyu. Masu nazarin halayyar ma'aikata sun daɗe a kan wannan. A shekarar 1976 wasu masana biyu na Amurka, Hackman da Oldham, sun bayyana abubuwa biyar da ke sa ma'aikaci ya ɗauki aiki da muhimmanci: aikin ya buƙaci basira iri-iri, mutum ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, ya ga yadda yake taɓa rayuwar wasu, ya kasance yana da ikon yanke shawara a kan yadda zai yi shi, sannan ya riƙa samun labarin ko ya yi daidai ko ya kuskure.

Idan muka auna kofur ɗin nan da wannan ma'auni, a wurinsa na farko yana sauraro, yana rubutu, yana sasanci, yana zuwa asibiti da kotu, kuma matar da ya taimaka tana iya dawowa bayan wata uku ta ce masa an biya ta kuɗin ciyar da 'ya'yanta. A shinge kuwa abu ɗaya yake maimaitawa tun hantsi har dare, wato ɗaga hannu da sauke hannu, mutanen da yake tarewa ba zai sake ganinsu ba, kuma babu wanda zai taɓa gaya masa cewa tsayuwarsa ta hana wani mugun abu faruwa. Mutumin da aikinsa ba ya nuna masa wani sakamako yakan nemo wa kansa abin da zai riƙa ƙirgawa, kuma a kan hanya abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne abin da ya shiga aljihu.

Sufeto Garba (mai ritaya):
Dakta ya faɗi da harshen makaranta abin da na rayu a cikinsa shekaru 35. Bari in ba ku misali da aikin bincike, wanda ake ɗauka ya fi tsaron shinge daraja. An sha ba ni ƙara in bincika ba tare da takardar rubutu ba, ba man mota, ba kuɗin zuwa garin da shaida yake, sai dai in dubi mai ƙara, wanda aka riga aka zalunta, in ce ya kawo abin da za a yi zirga-zirga. Daga ranar da ka karɓi kuɗinsa, ko da kowane kwabo a kan aikin ka kashe shi, ka zama yaronsa a idon wanda ake tuhuma, kuma kai kanka ka san ba ka tsaya a tsakiya ba. Sannan kana cikin binciken sai takardar canjin wurin aiki ta sauko, ka miƙa fayil ga wanda bai san komai a kai ba, ka tafi. Akwai shari'o'in da na sha wahala a kansu waɗanda har yau ban san yadda suka ƙare a kotu ba.

Maganar samun labarin ko ka yi daidai kuwa, a zamanina ba a kiran ƙaramin ma'aikaci ofishin babba sai idan ya yi laifi. Idan aka ce DPO, wato shugaban ofishin yanki, yana nemanka, gabanka ne zai faɗi. Wannan ya koya mana cewa hanya mafi aminci ita ce kada ka yi komai da ra'ayin kanka, ka jira umarni, idan abu ya lalace ka ce haka aka ce ka yi. Na kuma ga yajin aikin ƙananan 'yan sanda na watan Fabrairun 2002, wanda aka yi a kan alawus da ba a biya ba da ƙarin girma da ya maƙale, kuma abin da na fi tunawa shi ne yadda mutanen da suka yi shekara goma a kan igiya ɗaya suka daina yarda cewa aiki mai kyau yana kai mutum ko'ina.

Barista Hauwa:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara lafiya, na amfana da bayaninka. Amma ina da ja da Dakta a kan batun ikon yanke shawara, domin abin da nake gani a caji ofis kusan kullum shi ne iko ya yi yawa, ba ƙaranci ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1943, ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Duk da haka na sha zuwa fitar da uwa da aka tsare a bayan kanta saboda ɗanta ya gudu, ko ɗan kasuwa da aka kulle saboda ana bin sa kuɗin kaya, alhali a bangon ofishin an rubuta cewa beli kyauta ne.

Kada kuma mu manta da SARS, sashen 'yan sanda na musamman da aka kafa don yaƙi da fashi da makami. Ban san wani sashe da ya kai su 'yancin yin abin da suka ga dama ba, ban kuma san waɗanda suka kai su amincewa da kansu ba. Sun yi ta aiki ba kaki, ba mai tambayarsu, har jama'a suka fito zanga-zanga, aka rusa sashen ranar 11 ga Oktoban 2020. Idan iko da amincewa da kai su ne maganin, me ya sa waɗanda suka fi kowa samunsu suka fi kowa ɓarna?

Dakta Aminu:
Barista, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a muhawarar nan, kuma ina ganin kalma ɗaya muke amfani da ita a kan abubuwa biyu. Amincewa da kai da nake ganin tana gyara ma'aikaci ita ce wadda masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi bayani a 1977, wato yaƙinin mutum cewa zai iya yin wani takamaiman aiki da kyau. Ya ce tana samuwa ne daga yin abin da hannunka har ka ga ka yi nasara, da ganin wani irinka ya yi, da ƙarfafawar wanda ka yarda da saninsa, da kuma yanayin jikinka da zuciyarka a lokacin aikin. Abin da kika gani a wurin SARS kuwa yaƙini ne cewa ba abin da zai same su, kuma Bahaushe yana da sunansa, izza.

Ni a fahimtata, ɗan sandan da ke dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi yana bayyana cewa bai yarda zai iya gano gaskiya ta hanyar tambaya da tattara shaida ba. Ba a koya masa ba, ko an koya masa a allo amma bai taɓa yi da hannunsa ba, kuma bai taɓa ganin na gaba da shi ya yi ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta masa dukan, amma doka ba ta sa masa wata dabara a hannu a madadinsa. Game da iko, na yarda da ke rabi. Ƙaramin ɗan sanda ba shi da ta cewa a kan abin da ya shafi ingancin aikinsa, kamar wace ƙara zai bi da yadda zai tsara lokacinsa, amma yana da iko marar iyaka a kan talakan da ke gabansa a wurin da babu mai gani. An ɗaure shi a inda ya kamata a sake shi, an kuma sake shi a inda ya kamata a sa masa ido.

Sufeto Garba (mai ritaya):
Wannan magana ta Dakta ta tuna mini da abin da ba kasafai muke faɗa a fili ba, wato tsoro. Yawancin tsawar da kuke ji a shinge da dare, muryar mai tsoro ce. Ka ɗauki yaro da ya fito daga kwalejin horo, wanda harsasan da ya harba a filin koyo ba su taka kara sun karya ba, ka ba shi bindiga, ka ajiye shi a daji tun magariba, bai yi barcin kirki ba saboda aikin awa goma sha biyu ya zama na ashirin da huɗu, kuma ya san an kashe wasu irinsa a hanyar. Duk motar da ta rage gudu a makare, a wurinsa mutuwa ce ta taho. Akwai umarnin rundunar mai lamba 237 da ya tsara lokacin da ya halatta a yi amfani da bindiga, an kuma sabunta shi a 2019, amma sanin abin da takarda ta ce daban, natsuwar yatsa a kan kunama daban.

Na yi aiki a ƙarƙashin wani saje, Allah ya jiƙansa, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Idan aka yi rikici a kasuwa, yakan rataya bindigarsa a baya, ya nemi wanda ya fi kowa shekaru a wurin ya gaishe shi da sunansa, ya zauna a kan benci, kuma kafin a jima sai ka ga mutane sun fara ba shi labari maimakon jifan juna. Watanni takwas da na yi ina bin sa sun koya mini abin da ban samu a aji ba. Amma sa'a ce ta haɗa ni da shi, ba tsari ba, domin abokina da muka fito tare an haɗa shi da wanda ya koya masa yadda ake naɗe kuɗi a tafin hannu.

Maman Khadija:
Ina neman afuwa in sa baki a matsayina na matar ɗan sanda. Mijina ya yi shekaru huɗu a gidan wani babban mutum a matsayin mai tsaron lafiyarsa, kuma abin da ya riƙa yi a zahiri shi ne buɗe ƙofa, riƙe jaka, raka yara makaranta da bin uwargida kasuwa. Ba shi kaɗai ba ne, domin a 2018 shugaban hukumar kula da ayyukan 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce sama da 'yan sanda 150,000 suna tare da manyan mutane da ma waɗanda ba su cancanta ba. Abin da ban ji an taɓo ba shi ne yadda irin wannan aiki yake cinye mutum a hankali. A can yana samun ɗan ihsani da abinci mai kyau, abokansa har hassada suke yi masa, amma da aka dawo da shi ofis ya ce mini ya manta yadda ake ɗaukar bayanin mai ƙara, kuma yana jin kunyar tambayar yaran da ya girme su a aiki. Na lura a watannin nan ya fi saurin fushi, a gida da waje, sai da hannunsa ya sake faɗawa a kan aikin sannan ya dawo mutumin da na sani. Ga kuma tunanin fansho, domin yana ganin yadda waɗanda suka yi ritaya suke ta kokawa a fitar da su daga tsarin adashen da aka kawo a 2004, wanda sojoji suka fita daga cikinsa.

Alhaji Ɗanladi:
Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kin sa na sassauta, kuma maganar tsoro da Yallaɓai Sufeto ya yi gaskiya ce, domin ni ma na sha ganin hannun yaro yana rawa a kan bindiga idan na tsaya da dare. Amma ba zan janye gaba ɗaya ba. Mu direbobi mun san akwai waɗanda suke neman a kai su shinge da kansu, har su yi wa wani alheri don a tura su hanyar da ta fi motoci, kuma mun san abin da aka tara ba a aljihun kurtu yake kwana duka ba. Wanda ya sayi wurin da kuɗinsa ba aikin ne ya lalata shi ba, shi ya je neman lalacewar. Ina gudun kada bayanin masana ya zama mafaka ga wanda ya san haram ya kuma zaɓe ta.

Barista Hauwa:
Alhaji, a nan ina tare da kai, kuma doka ma ba ta karɓar uzurin cewa tsari ne ya sa. Sai dai abin da ka faɗa game da kason da ake kaiwa sama shi kansa tsarin aiki ne, wanda ba a rubuta ba amma ya fi rubutaccen ƙarfi. Idan abin da babba yake tambayar ƙaramin ma'aikaci da yamma shi ne nawa ya kawo, to an riga an gaya masa ma'aunin aikinsa. Shi ya sa nake ganin sa ido daga waje wajibi ne. Dokar 2015 ta ɗora wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ake tsare da su, dokar 2020 ta ce a ajiye aƙalla ɗan sanda ɗaya mai shaidar lauya a kowane ofishin yanki, kuma tun 2015 aka buɗe sashen karɓar ƙorafin jama'a a zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. A ofishin da na ga majistare yana zuwa a kai a kai, littafin tsare mutane yakan kasance a cike daidai, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne wasu ƙananan ma'aikata sun fi kowa murna da zuwansa, domin ya ba su abin da za su fake da shi idan aka umarce su da abin da bai dace ba.

Sufeto Garba (mai ritaya):
'Yata Barista, kin faɗi gaskiya, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa babba a'a sai yana da bango a bayansa. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi inda ake ajiye mutum. Tun da aka haɗa rundunonin Arewa da Kudu a 1930, aka kuma shigar da 'yan dokan En'e cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960, ɗan sanda yana iya samun kansa a garin da ba ya jin harshen mutanensa. Na yi shekaru uku a irin wannan wuri, kuma ba na mantawa da yadda nake tsayawa a tsakiyar masu gardama ban san wanda ke zagi da wanda ke ba da haƙuri ba. Wanda ba ya jin abin da ake faɗa ba shi da abin dogaro sai kakinsa. Ba ina cewa a koma zamanin 'yan doka ba ne, domin iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka yi amfani da su a kan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, kuma sanin gari yana iya zama makamin zalunci. Abin da nake cewa shi ne a bar mutum ya daɗe a wuri har ya san masu unguwanni da limamai da shugabannin tasha, a kuma tambaye shi abin da ya warware, ba yawan waɗanda ya kama ba.

Malam Nasiru:
Na gode muku duka. Jiya bayan sallar isha'i na zauna da maƙwabcin nawa, na gaya masa abin da na gani a hanya ranar nan, ban ɓoye masa komai ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma ba ya son muryar da yake ji tana fita daga bakinsa a wurin, kuma har yanzu yakan yi tunanin wata yarinya da ya bar maganarta a tsakiya lokacin da aka ɗauke shi. Bai musa cewa yana karɓar na goro ba, bai kuma ce tilasta masa aka yi ba, saboda haka Alhaji Ɗanladi yana da nasa rabon gaskiyar. Ya ce yana so ya koma sashensa na da, amma yana tsoron kada neman ya jawo masa baƙin jini. Yallaɓai Sufeto, ta wace hanya ƙaramin ma'aikaci yake neman irin wannan canji ba tare da ya taka wani ba?

Sufeto Garba (mai ritaya):
Ya rubuta takarda ta hannun shugabansa na kusa, kada ya tsallake shi ko da ya san wani a hedikwata, kuma kada ya ambaci shingen da ko kalma ɗaya. Ya rubuta shekarun da ya yi a wancan sashe, da irin ƙararrakin da ya kammala, da duk wani kwas da ya halarta, ya haɗa da kwafin takardun shaida. Idan shugabar sashen da ya bari tana nan, ya je ya gaishe ta, domin buƙatar da ta fito daga wurinta cewa tana neman ƙwararren hannu ta fi tasa saurin tafiya. Ya ajiye kwafi ɗaya a gida, kuma idan wata uku suka wuce bai ji komai ba, ya sake rubutawa.